Gidan da Ba Ya Fitar da Shara

Zuwa ga amaryata 'Yar Barkono, jikar yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da aikin naku na duba jinin mutane a asibiti. Ni dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwar hagu da take yi mini tsiya duk safiya, sai na lallashe ta kamar jaki kafin ta yarda mu tashi. Tela maƙwabcina, wanda yake riƙe mini alƙalami kamar kullum, yana gaishe ki. Kuma kada ki sake aiko mini da maganar waya. Magana a waya iska ce. Takarda kuwa ina da gwangwanin da nake ajiye ta.

To ga labari. Wata uku ke nan ƙaramar hukuma ta raba wa kowane gida a layinmu kwandunan shara uku masu murfi. Kore na ɓawo da ragowar abinci, ana kai shi lambun bayan makaranta a yi taki. Shuɗi na kwalba da gwangwani da roba da takarda. Baƙi kuwa na abin da ya gagari kowa, wanda sai juji. Duk ranar Alhamis wata ma'aikaciyarsu takan zo da sikelin rataye, ta auna baƙin kwandon kowa ta rubuta. Mun sa mata suna Mai Sikeli. Ba ta da yawan dariya, amma ta san gaisuwa.

Mako goma sha biyu tana ɗaga nawa da yatsa ɗaya. Ran nan har ta buɗe ta leƙa, ta ce, “Baba, kai ba ka zubar da komai ne?” Na ce, “'Yata, me zan zubar, ni da na yi shekara hamsin ina faci? Bokitin da mutum ya yar, ni nake mayar masa da shi yana ɗibar ruwa.” Sai ga ta jiya da takarda mai hatimi. Wai gidana ya fi kowane gida ƙarancin shara a unguwa, za a sa masa suna gidan koyi, a kafa allo a ƙofa, kuma ranar Litinin ta ƙarshen wata mai zuwa manyan ofis za su zo da mutane su zaga ciki su ga yadda nake yi.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Mai shagon kan kwana da yake ce mini tsohon bola, yau shi ya fara gaishe ni.

Amma kin ji wai su zaga ciki. Kin san ɗakin baya. Rabonki da shi shekara goma sha ɗaya, ya ƙara cika. Kanta tara ce yanzu, daga ƙasa har rufi, kuma ba a jibge kayan suke ba kamar yadda uwarki take faɗa. Kantar ƙasa ta zamanin iyayenmu ce. Daga nan ake hawa, shekara shekara, gida gida. Fitilar da aka riƙe ranar haihuwar marigayi babanki tana kusa da kwanon awon kakarki, domin a shekara ɗaya suka zo hannuna. In an zo ana gardamar wa ya girmi wa, ko yaushe katangar makaranta ta faɗi, ba littafi nake buɗewa ba. Ɗakin nake buɗewa, in bi kanta da ido, amsa ta zo da kanta. Watan jiya ma 'ya'yan marigayi Kafinta sun zo kan iyakar gidansu. Da na ga guntun ƙyauren da ubansu ya taɓa kawo mini, sai na tuna ranar da aka kafa turken. Na je na nuna musu wurin, aka tona, aka same shi.

Mai Sikeli in ta ga ɗakin nan, shara za ta gani. Takardar tasu ma ta ce ba a son tara tarkace a gida saboda gobara da ɓeraye. In suka ce a kwashe, me zan tuna da shi? To ke da kika yi karatu, ki ba ni shawara. Ni dai abin da na yanke, in sa kwaɗo in ce mabuɗi ya ɓata.

Ki riƙa cin abinci, an ce kin rame.

Kakanki, angonki na dole,
Mai Faci

Ƙari daga Tela: 'yata, maganar ɓeraye gaskiya ce, sun ci mini yadin mutane sau biyu. Na gaya masa zan rubuta wannan, ya ce in rubuta, ƙarya ce.

*

Zuwa ga Kaka, angona mai kunnen ƙashi,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya ƙalau nake, wanda ya ce maka na rame bai gan ni ba tun bara. A gaida Baba Tela da iyalinsa.

Na karanta takardarka a ɗakin hutunmu, na yi ta dariya har abokiyar aikina ta ce ko miji na samu. Na ce ai ina da shi, ga shi ma hukuma za ta kafa masa allo. Barka, Kaka. Wallahi ka cancanta.

Amma maganar mabuɗi ka bar ta. Kai da duk layin suka san kana buɗe wa mutane kwaɗo da guntun waya, wa zai yarda naka ya gagare ka? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka share ɗakin, ka kafa tarko, ranar da suka zo ka gaya wa matar nan gaskiya da bakinka kafin ta gani da idonta. Shekara tamanin da ɗaya ba ka yi wa kowa ƙarya ba sai ni, da ka ce allura ba ta da zafi. Kada ka fara yanzu.

Jikarka,
'Yar Barkono

A bayan takardar:

Ka ga ni ma na shiga sahunku, ba na ɓata takarda, shi ya sa na juyo baya. Kaka, bayan na sa hannu sai maganar Baba Tela ta tsaya mini a rai. Makon jiya aka kawo mana wani dattijo da wuta ta kama a ɗakin da ya cika da kaya, bai samu hanyar fita da wuri ba. Ya rayu, amma da na gan shi kai na gani. Mijin abokiyar aikina direban motar kaya ne, zai bi ta garinku ba lodi ranar Asabar da take kafin zuwan manyan. Ya ce zai kwashe maka ɗakin ya kai filin da hukuma take tantance kaya. Sai ka ware abin da ba ka iya rabuwa da shi ka kai ɗakin kwananka. In ba ka so, ka ce a'a ƙarara a amsarka. In ka yarda, zan ba shi 'yar takarda ya nuna wa Baba Tela.

*

Zuwa ga amaryata 'Yar Barkono,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, Tela ya karanta mini sau biyu har inda kika sa hannu. Gwiwa tana nan da halinta. Matar Tela ta yi fama da mura amma ta warware.

Na kwana uku ina jin haushinki, domin ba a so yaro ya fi babba gaskiya. Amma duk abin da kika faɗa na yarda, ba ragi. A yi yadda kika ce. Abin da za a gani a gani, in huta da ɓoye-ɓoye.

Na share, na kafa tarko huɗu, na kama ɓera biyu. Tela ya ce nasa ɓerayen sun fi waɗannan girma, na ce to nasa ne, ba nawa ba.

Ranar Asabar ɗin da take kafin zuwansu zan tafi asibiti da sassafe a duba mini gwiwa, don in tsaya a gaban manya da ƙafata. Zan bar wa Tela mabuɗin ɗakin ya buɗe. Na kuma sa ya ɗinka mini sabuwar riga, ya ce wuyana ya ƙanƙance, na ce tsohon ma'auninsa ne ya miƙe.

Maganar allura kuwa, ba ƙarya na yi ba. Ni ban ji zafi ba.

Kakanki,
Mai Faci

*

Zuwa ga jikar yayana,

Ina lafiya. Tela yana lafiya, shi ne ma yake rubutu.

Ranar Asabar na dawo daga asibiti wajen azahar, na tarar da ƙofar ɗakin baya a wangale, Tela a tsaye yana murza hula. Kanta shida wayam. Ya ce direba ya zo da 'yan dako biyu da takarda da rubutun hannunki, wai Kaka ya yarda. Shi kuma ya ɗauka shi ya sa na bar masa mabuɗi na tafi, don kada in gani da idona. Ni kuwa don ɗakin ya sha iska na bar masa. Na ce yaushe na yarda? Muka ɗauko wasiƙarki daga gwangwani, ya juya ta, sai ga rubutu a baya kamar kunama a ƙarƙashin dutse. Shekara nawa muna rubuta wa juna, kin taɓa ganin mun juya takarda? In mutum ya sa hannu ai ya gama magana.

Motar ta cika ne da kanta shida, wai za su dawo su ɗauki sauran. Na rufe ɗakin na sa mabuɗi a aljihu, na ja ƙafar nan har filin hukuma.

Rumfa ce babba mai daɓen siminti, ma'aikata da safar hannu. Ba su da laifi, aikinsu suka yi, kuma sun iya shi. Kafin in iso sun gama rabawa. Ƙarfe tsibi guda, katako tsibi guda, kwalba can, tsumma can. Fitilar babanki, gilashinta yana gabas, ƙarfenta yana yamma. Shekara sittin ina jera mutum kusa da ɗan'uwansa, su cikin awa uku sun jera ƙarfe kusa da ƙarfe. Gwangwanayen da nake adana ƙananan kaya a ciki kuwa inji ya riga ya matse su, sun zama dunƙule ɗaya kamar bulo.

Ina tsaye sai ga Mai Sikeli. Ta dube ni ta dubi tsibin, ta ce, “Baba, duk wannan daga gidanka?”

Na ce daga gidana.

Ta ce, “Ashe ba rage shara kake yi ba, ajiye ta kake yi.”

Na ce, “Shara ita ce abin da ba a san mai shi ba. Ɗauko ɗaya a nan in gaya miki mai shi.”

Ta sa hannu ta zaro dutsen guga na gawayi, mai karyayyen mariƙi. Na ce na marigayi Mai Wanki ne na bakin famfo, wanda ya goge wa duk yaran layinmu rigar makaranta shekara ashirin, mariƙin ya karye ranar da ya jefi kare da shi bai samu karen ba. Ta ɗauko wani, na faɗa. Ta ɗauko na uku, na faɗa. Sai ta ce wa ma'aikatan su dakata. Ta ce motar masu narka ƙarfe ranar Asabar mai zuwa take zuwa, ba ta da ikon hana ta, kuma ba za ta bari in mayar da kayan nan ɗaki in sake jibgewa ba. Mako ɗaya ta ba ni in san yadda zan yi. Maganar allo da zuwan manya kuwa an soke, ba sai an faɗa ba.

Na zo gida na tsaya gaban kantocin, na rufe ido in ga ko jerin zai dawo mini. Bai dawo ba. Na san kayan, amma wane ne yake kusa da wane, ya tafi.

Shawara na nema a wurinki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kada ki amsa wannan, ba ni da kunnen ji yanzu.

Mai Faci

*

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da gwiwa. Wannan ita ce takarda ta biyu tun da ka ce kada in amsa. Ta farko ban san ko an karanta maka ba. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ka ba, kuma ban san yadda aka ƙare a filin ba.

Na yi laifi. Da na ga ka ce a yi yadda na ce, ga mabuɗi a hannun Baba Tela, ga ka za ka bar gida, sai na ɗauka ka yarda ne kana jin kunyar faɗa. Ya kamata in yi mamaki. Tsohon da ya ƙi yar da murfin tukunya ba zai ba da ɗaki guda a layi biyu ba. Amma tsoro ne ya yi mini karatun, na ga abin da nake so in gani.

Abin da ya fi damuna, ban taɓa zama na ce ka nuna mini kayan nan ɗaya bayan ɗaya ba. Fitilar babana ma a takardarka na fara jin labarinta.

Kada ka yi fushi da Baba Tela. In zagi ne ka zage ni, amma ka rubuto. Bayan wannan takardar babu komai, na duba.

Jikarka

*

Zuwa ga amaryata 'Yar Barkono, mai kwashe wa miji ɗaki,

Gaisuwa mai yawa. Takardunki biyu sun iso, an karanta mini gaba da baya. Ina lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, likita ya ce tafiyar da nake yi ce, ban gaya masa wadda ta jawo mini tafiyar ba. Tela da matarsa suna gaishe ki.

Na yi lissafi, laifin kashi uku ne: naki, da na Tela, da nawa da na ce na yarda ban ce a juya ba. Nawa ne ƙarami. An wuce wurin.

Ga yadda aka yi. Ranar Litinin na ɗauki kujerata na tafi filin na zauna, ban san me zan yi ba. Mutane suna layi da shuɗin kwandunansu. Ina gaya wa wani ma'aikaci labarin dutsen gugar nan, sai wata mata mai goyo ta fito daga layi ta ce, “Baba, Mai Wanki na bakin famfo ka ce? Kakana ne!” Ba ta taɓa ganinsa ba. Na ce ta zauna. Na ba ta labarinsa tun daga zuwansa layinmu da buhu ɗaya har karen. Ta miƙa hannu za ta ɗauka, na ce tukuna, maimaita mini. Ta maimaita, ta manta sunan matarsa, na sa ta sake. Sannan na ba ta.

Kafin Laraba labari ya zaga. Wurin ya cika kamar ranar rabon gado. Doka ɗaya na kafa: ba mai ɗaukar abu sai ya zauna ya ji, ya kuma maimaita daidai. Mai shagon kan kwana ya zo karɓar keken ubansa, sau uku na sa shi ya faɗi yadda uban ya shiga kwata da shi a gaban surukansa. Ya ce, “Baba, wannan wajen dole ne?” Na ce shi ne ma kan labarin. Mai Sikeli tana gefe, ran nan na fara ganin haƙoranta.

Fitilar babanki na haɗa ta, gilashin bai fashe ba, tana ɗakin kwanana. Abin da ba shi da magaji amma yana gyaruwa, an kai rumfar gyara da hukuma ta buɗe a gefen filin. Sun sayi kayan aiki sababbi fil, amma ba wanda ya iya riƙe ƙarfen liƙi da dalma a cikinsu. Yanzu Talata da Juma'a can nake wuni. Mutum ya kawo tukunyarsa mai yoyo, maimakon ya yar, in nuna masa ya toshe da hannunsa. Sauran kuwa, ranar Asabar na tsaya motar ta kwashe, ina kiran sunan masu su ɗaya ɗaya har aka rufe ƙofa. Gwangwanayen da aka matse, su kam sun tafi da abin da ke cikinsu. Ba zan ce miki bai yi ciwo ba.

Allon gidan koyi kuwa Tela aka ba, wai matarsa tana cusa ƙyallaye a matashin kai, ba ya zubar da ko zare. In na wuce ba na kallonsa. A karkace ma suka kafa shi, ni na gyara.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Akwai abu bakwai da na dawo da su gida don na kasa gane masu su. Da suna kan kanta, na kusa da su ne yake gaya mini su wane ne. Yanzu sun tsaya su kaɗai, suna kallona ina kallonsu. Wannan ya fi kwashe ɗakin ba ni tsoro, kuma ban gaya wa kowa ba sai ke da mai rubutun nan.

Ɗaya ya fi damuna. Ɗan bokiti ne da aka yi da gwangwanin fenti, tsawonsa taƙi ɗaya, an naɗe mariƙinsa da jar waya. Aikin hannuna ne, na san dalmata. Amma an huda gindinsa da ƙusa, huda goma sha biyu, a jere. Ni da na ƙare rayuwata ina toshe huda, me zai sa in yi bokiti in huda shi? Na tambayi duk layin, ba wanda ya sani. Ki tambayi uwarki ko ta taɓa ganinsa.

Kakanki, angonki har yanzu,
Mai Faci

*

Zuwa ga Kaka, angona,

Na gode Allah da na ga takardarka. Ina lafiya, Umma tana lafiya tana gaishe ka. A yi wa Baba Tela barka da allo, a hankali, kada ka ji.

Ba sai na tambayi Umma ba. Bokitin nawa ne.

Shekarar da Baba ya rasu ina da shekara shida. Umma ta kawo ni wurinka na yi wata huɗu, saboda na daina magana gaba ɗaya. Kowa ya zo sai ya ce, ce kaza, faɗi sunanki, gaida Gwaggo. Kai kaɗai ba ka taɓa cewa in yi magana ba. Ka shuka tumatir a wani fasasshen baho a bayan gida, ka yi mini bokitin nan, ka ce aikina ne in ba shi ruwa kullum da safe. Ka ce hudar don ruwan ya sauka a hankali ne kamar yayyafi.

Famfo yana bakin ƙofa, bahon yana can ƙarshen gida. Kafin in kai, ruwan duk ya ƙare a ƙafata. In koma in sake, ya sake ƙarewa. Kai kana zaune kana faci, ko ɗaga kai ba ka yi. Kwana da kwanaki haka. Ran nan na kai bahon ba ko ɗigo, na buga bokitin da ƙasa na ce, “Kaka, bokitinka banza ne!”

Ka ajiye abin da ke hannunka ka ce, “Ai na sani. Jira nake ki faɗa.”

Na daɗe ina so in tambaye ka, da gangan ka yi shi haka, ko kuwa aikin ne ya ɓaci ka wayance? Ban san ka ajiye shi ba. Na karanta wajen jar wayar nan a tsaye a bakin ɗakin gwaji, sai da na nemi wuri na zauna.

Jikarka,
'Yar Barkono

*

Zuwa ga amaryata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya duka.

Da Tela ya gama karantawa na ce masa ya rubuta cewa dama na sani, gwada ki nake yi. Ya ajiye alƙalami ya ce shi mai allo ne yanzu, ba ya rubuta ƙarya. To, ban sani ba. Na ɗauki bokitin na zauna da shi a bayan gida. Bahon ya dawo mini, tumatirin ma ya dawo, har ƙafafunki a jiƙe. Amma maganar da kika yi da wadda na mayar miki ba su dawo ba. Na karɓa daga bakinki, na maimaita wa Tela sau biyu, ya ce daidai.

Ko da gangan na yi, wannan ma ban sani ba. Sai dai ki tambayi duk layin nan ko na taɓa yin bokiti mai yoyo bisa kuskure.

Saura shida, ga kuma kanta uku da ba a taɓa ba. Ki nemi hutu ki zo. Za ki zauna ki ji, ki maimaita, kamar kowa, ba ruwana da karatunki. Wataƙila a cikin shidan akwai wanda ke ce kika san shi ba ni ba.

Bokitin ba zan aiko ba, mai shi ta zo ta ɗauka. Na samo taki daga lambun makaranta, na shuka tumatir a ƙarshen gida. Ki taho da takalmin da ba ya tsoron ruwa, ban toshe ko huda ɗaya ba.

Kakanki,
Mai Faci